CUTAR SORIYASIS: ABIN DA MAGANIN GIDA KE IYAWA DA ABIN DA YA FI ƘARFINSA

Kowace shekara, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a Bauchi wajen watan Nuwamba, sai ƙura ta lulluɓe itatuwan unguwar GRA, leɓuna su tsattsage, kaushi ya tashi. Ga yawancin mutane wannan 'yar wahala ce wadda kwalbar mai guda ke kawarwa. Amma akwai waɗansu bayin Allah, cikinsu har da manyan ma'aikata da matan aure da 'yan makaranta, waɗanda wannan lokaci ke zame musu azaba, saboda wata cutar fata da likitoci ke kira soriyasis, wadda ta kan tsananta idan iska ta bushe. Irinsu ne za ka gani kullum cikin riga mai dogon hannu, hula ba ta barin kansu, don gudun kada a gani a ce kuturta ce.

BA KUTURTA BA CE

Soriyasis ta kan fito ne tabo-tabo, fata ta yi kauri, ta yi ɓawo ruwan toka mai zuba kamar dusa, ga kuma ƙaiƙayi. Ta fi kama gwiwar hannu da ta ƙafa, da fatar kai, da ƙugu, wani lokaci har farce ya lalace. A jikin Bature tabon ja ne, amma a baƙar fata ya kan yi duhu, shi ya sa a kan ɗauka makero ne ko kirci ko amosanin kai.

A jikin mai lafiya, sabuwar fata ta kan ɗauki kusan wata guda kafin ta taso ta maye gurbin tsohuwa. Ga mai wannan cuta kuwa, garkuwar jikinsa ce ke kuskure, ta ingiza fata ta riƙa tasowa cikin 'yan kwanaki kaɗan, har ta taru ta yi tudu. A kan gaje ta a waɗansu dangi, amma ba a ɗaukarta ta hanyar gaisawa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko zaman aure.

Ko a ƙasashen Turai an daɗe ana cakuɗa ta da kuturta, sai a 1841 wani likita na birnin Biyana mai suna Ferdinand von Hebra ya raba su. Bambancin kuwa a fili yake: tabon kuturta ya kan mutu, ba ya jin taɓawa, na soriyasis kuwa yana ji sarai, yana kuma ƙaiƙayi.

A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa soriyasis babbar cuta ce marar yaɗuwa, kuma a rahotonta na 2016 hukumar ta ce aƙalla mutum miliyan 100 ne ke fama da ita a duniya. Har yanzu babu maganin da ke raba mutum da ita dungum. Ta kan lafa, ta dawo. Saboda haka duk wanda ya ɗaga kwalba a bakin kasuwa ya ce kwana bakwai ta warke, to, kuɗi yake nema. Abin da ke yiwuwa shi ne a kwantar da ita, kuma a nan maganin gida yana da rawar takawa.

MAI, WANKA DA RANA

Na farko shi ne mai. Man kaɗanya tsantsa, wanda ba shi da wuyar samu a kasuwannin Wunti da Muda Lawal, yana laushi da ɓawo, yana hana fata tsagewa, yana rage ƙaiƙayi. Ana shafa shi da an fito wanka tun jiki da danshi, a kuma ƙara da dare. Idan a ka ne, sai a shafa man zaitun ko na kwakwa a kwana da shi, da safe a wanke a hankali. Mai ba ya taɓa tushen cutar, amma yana sauƙaƙa zama da ita, musamman da hunturu.

Na biyu wanka. Ruwan zafi ƙwarai, wanda ake sha'awa da asubar sanyi, busar da fata yake yi. Ɗumi-ɗumi ake so, kamar na maɓuɓɓugar Wikki ta Yankari, wanda zafinsa ke wajen digiri 31. A jiƙa wurin kamar minti 10 zuwa 15 har ɓawon ya saki don kansa, a ajiye soso da dutsen goge kaushi da sabulu mai kaifi.

Na uku rana. Haskenta yana rage saurin tasowar fata, shi ya sa masu cutar ke tafiya daga Turai zuwa Tekun Gishiri da ke tsakanin Jodan da Isra'ila don su sha rana su yi wanka. Mutumin Bauchi ba ya bukatar jirgi, kuma gidajen GRA masu fili da katanga sun isa a buɗe wurin ciwon cikin sirri. Sai dai a fara da 'yan mintoci, domin ƙunar rana ƙara cutar take yi.

Har ila yau, rage ƙiba, da barin taba da giya, da samun kwanciyar hankali duk suna taimakawa, domin damuwa tana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita.

LIKITOCI DA ITATUWA

Kada a zaci likitoci sun raina itace. A 1876 wani likitan Landan, Balmanno Squire, ya ba da labarin amfanin wani gari da ake samu daga itacen araroba na ƙasar Barazil, kuma daga nan ne aka ƙirƙiro maganin ditaranol a Jamus a 1916. Abin da ya bambanta aikinsu shi ne awo da gwaji. Alal misali, an gwada ruwan ganyen alobera, wani binciken ya ga amfani, wani bai gani ba. Mai son gwadawa ya fara da ɗan wuri kaɗan ya ga yadda fata za ta karɓa, kada kuma ya sha, domin ɗacin ganyen yana sa gudawa.

ABUBUWAN DA KE ƁATA LAMARI

Tun ƙarni na 19 wani likitan Jamus, Heinrich Koebner, ya lura cewa duk inda fatar mai soriyasis ta ji rauni, sabon tabo na iya fitowa a wurin. Watau tsaga, da sakiya, da ƙaho, da kankare ɓawo da ƙarfi, da shafa kanwa ko toka, duk shuka cutar ne a sabuwar gona.

Mafi haɗari shi ne mayukan sa fari da ƙwayoyi ko allurai masu sitiroyid da ake saye ba tare da likita ba. Tabo ya kan ɓace da sauri, mutum ya yi murna, amma da an daina sai cutar ta dawo fiye da da, wani lokaci da ƙuraje masu mugunya. Bugu da ƙari, kulorokwin da waɗansu magungunan hawan jini suna iya tayar da ita, don haka wajibi ne a sanar da likita kafin ya rubuta magani.

LOKACIN ZUWA ASIBITI

Cutar ta kan shiga gaɓoɓi ga kusan mutum 3 cikin 10. Idan yatsu suka kumbura, ko gaɓoɓi suka sage da safe, man kaɗanya ba zai yi ba, kuma jinkiri na iya nakasa gaɓa har abada. Haka nan idan ta mamaye jiki, ko ta zo da zazzaɓi da mugunya, sai a garzaya asibiti nan take, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke cikin garin Bauchi. Akwai mayuka da ƙwayoyi masu ƙarfi, irin su metotirezet, wanda ba a ba mai ciki, kuma ba a sha sai ana duba jini.

Su kuma iyali da maƙwabta, nasu aikin shi ne kada a ware wa mai wannan cuta kwano, kada a fasa aure saboda ita, kada a hana yaro makaranta. Shi kuma mai ciwo ya daure ya naɗe hannun riga a gaban likita, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.