Daga Difa zuwa Shetimari: mata da sana'ar kula da gidajen haya

Duk ma'aikacin gwamnati da aka taɓa yi wa canjin wurin aiki zuwa Difa ya san cewa kafin ya gaida shugabansa na ofis sai ya gaida dillali. Shi ke da labarin gidan da babu kowa, shi ke yanka kuɗin haya, shi ke karɓar la'ada hannu biyu. Ranar da kwanon ɗaki ya fara yoyo ko masai ya cika kuwa, sai a nemi dillali a rasa, mai gida kuma yana Yamai ko Damagaram. A cikin wannan giɓi akwai sana'a, kuma mata na iya riƙe ta.

Abin da ya sa gida ya yi daraja a jahar ba ɓoyayye ba ne. A watan Nuwamba na 2014, bayan harin da aka kai Damasak a Najeriya, dubban mutane suka ƙetaro kogin Kwamadugu suka sauka a Gagamari, cikin ƙaramar hukumar Shetimari. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Difa, aka kafa dokar ta ɓaci, jama'ar bakin kogi da ta tsibiran tafkin Cadi suka yi ta kwararowa bakin hanyar ƙasa mai lamba 1. Bayansu ƙungiyoyin agaji suka iso, kowace tana neman ofis da ma'ajiya da wurin kwanan ma'aikatanta. Jami'ar Difa, wadda aka kafa a 2014, ita ma ta kawo malamai da ɗalibai. Sannan ambaliyar Kwamadugu ta 2019 da ta 2022 ta rushe gidajen ƙasa masu yawa.

A Shetimari da wasu ƙananan hukumomin jahar, hukumar HCR mai kula da ƴan gudun hijira ta haɗa kai da magadan gari aka yanka sabbin filaye: wani kaso na masu gonakin da aka shiga, wani na ma'aikatar magajin gari, wani kuma na waɗanda rikici ya raba da muhallinsu. Ke nan ƙauyen manoma ya wayi gari da filaye masu takarda, kuma fili mai takarda gobe gidan haya ne.

To, mene ne aikin mai kula da gida? Dillali yana haɗa ciniki ya wuce, ita kuwa tana nan daga farko har ƙarshe. Ita ce za ta rubuta yarjejeniya, ta zaga ɗaki ɗaki tare da ɗan haya a ƙidaya ƙofa da taga da famfo kafin a miƙa makulli. Ita ce za ta riƙe kuɗin ajiya, ta ba da rasit kowane wata, ta tabbatar an biya NIGELEC da kuɗin ruwa don kada mai fita ya bar wa mai shiga bashi. Kafin damina ta kira magini a yi yaɓe, a gyara indararo. A ƙarshen wata ta kai wa mai gida lissafi, ta cire ladan da suka yi yarjejeniya a kansa.

Mace tana da wata dama da namiji ba shi da ita. A gidan da ake kulle, dillali iyakarsa zaure, ita kuwa tana shiga har madafa ta ga bangon da ya tsage. Ban da haka, shari'ar Musulunci ta ba mace gado da ikon mallakar dukiyarta, kuma mata da yawa da suka gaji gida sun fi sakin jiki da ƴar'uwarsu mace. Wadda ta saba riƙe adashi ta riga ta san karɓar kuɗi a kan lokaci.

Amma hanyar ba shimfiɗar tabarma ba ce. Ciniki a majalisar maza ake ƙulla shi, a bakin kasuwa ko bayan sallar la'asar. Akwai ɗan hayar da zai ji nauyin namiji ya biya, ya raina mace ya ce ta dawo jibi. Akwai dangin da za su ce yawon bin gidaje bai dace da matar aure ba. Kuma kasuwar da kuɗin ƙungiyoyi suka kumbura tana iya sacewa ranar da suka rufe ofis. Mai hankali ba za ta wulaƙanta malamin lekol ko ɗan kasuwar tattasai saboda baƙo mai biyan shekara ba, domin su ne za su rage.

Garkuwarta takarda ce. Ta nemi sanin dokar hayar gidaje ta 1996, da ƙa'idojin OHADA game da hayar shago da ofis. Ta yi rajistar kasuwanci, ta karɓi lambar haraji ta NIF, domin ƙungiya ba ta hulɗa da wanda ba shi da su. Kada ta karɓi gida sai ta ga takardar fili, da izini a rubuce daga mai shi ko daga dukan magada. Inda filin asalinsa gona ne, ta bincika a kwamitin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada.

Jarin wannan sana'a ba ya wuce littafin lissafi, wayar hannu da amana. Mai gida ɗaya da ya ga kuɗinsa cif kowane wata shi zai kawo na biyu. Ƴan kasuwa da ma'aikatan da suka gina a Difa suna zaune nesa, su duba cikin ƴaƴansu da ƙannensu mata da suka yi karatu, su gwada miƙa wa ɗaya makullin gida guda na shekara ɗaya, sannan su kwatanta lissafinta da na da.