Wace Magana Ce Ta Cancanci Gidan Yari?

A yammacin ranar 29 ga Yuli 2024, sa'o'i kaɗan bayan wani matashi ɗan shekara 17 ya kashe yara mata uku da wuƙa a ajin koyon rawa a garin Southport na Ingila, wata mai sana'ar renon yara a Northampton, Lucy Connolly, ta rubuta a shafinta na X cewa a kwashe baƙi a mayar da su inda suka fito, kuma ko an banka wa otal-otal ɗin da aka sauke su wuta, ita ko a jikinta. A lokacin jita-jita ta riga ta karaɗe intanet cewa makashin Musulmi ne mai neman mafaka da ya shigo ta kwale-kwale, alhali haifaffen Cardiff ne, bai taɓa neman mafaka ba. Ta goge rubutun bayan kimanin sa'a uku da rabi, amma an riga an gan shi sau 310,000. Kwana shida bayan haka ɗaruruwan mutane suka yi wa wani otal irin waɗannan kusa da Rotherham ƙawanya, suka yi ƙoƙarin ƙona shi da mutane sama da 200 a ciki. A watan Oktoba, bayan ta amsa laifin hura wutar ƙiyayyar launin fata, kotu a Birmingham ta ɗaure ta wata 31.

Tun daga ranar ake ja-in-ja a Birtaniya. Wasu na ganin an ɗaure uwa saboda ɓacin ran dare ɗaya, wasu kuma na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Abin da ya kamata a fara rabewa shi ne munin magana da haɗarinta, domin ba ma'auni ɗaya suke hawa ba. Zagin wata ƙabila ko addini abin ƙyama ne, amma gidan yari shi ne hukunci mafi nauyi da hukuma ke da shi a ƙasar da ba a zartar da kisa, saboda haka wurinsa shi ne maganar da ta kira mutane su cutar da wasu, a lokacin da akwai masu sauraro a shirye su aikata. Abin da bai kai nan ba yana da wasu magunguna.

Masu cewa magana ai iska ce, tarihi ya riga ya ba su amsa. A kisan ƙare-dangin Ruwanda na 1994, gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai, yana karanto sunayen mutane da wuraren da suka ɓuya. Wani masanin tattalin arziki, David Yanagizawa-Drott, ya kwatanta ƙauyukan da muryar rediyon ke isa da waɗanda tsaunuka suka tare ta, ya ƙiyasta a binciken da ya buga a 2014 cewa kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda suka shiga kashe-kashen, rediyon ne ya ja su. Kotun duniya da ta zauna a Arusha ta yanke wa ɗaya daga waɗanda suka kafa gidan, Ferdinand Nahimana, ɗaurin rai da rai a 2003, aka rage zuwa shekara 30 bayan ɗaukaka ƙara. Ba a kama shi da adda a hannu ba, kuma ba mai hankalin da zai ce tara ta ishe shi. Intanet ta sauƙaƙa wannan aiki ne kawai, tunda abin da a da sai mai tashar rediyo ke iyawa, yau yana hannun duk mai waya da data.

To, da wane awo za a raba mai tunzura jama'a da mai ɓaɓatu? A 2012 ƙwararru a ƙarƙashin ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya sun zauna a Rabat ta Maroko, suka fitar da tambayoyi shida da ya kamata alƙali ya amsa kafin ya ɗauki magana a matsayin laifi: halin da gari ke ciki, matsayin mai maganar, niyyarsa, abin da ya faɗa da yadda ya faɗe shi, nisan da maganar ta kai, sannan yiwuwar ta haifar da ɓarna. Idan aka ɗora shari'o'in 2024 a kan wannan sikeli, ana ganin bambanci. Wani matashi a Leeds ya rubuta a Facebook cewa kowa ya fito a far wa wani otal da ya ambata da suna, a daidai ƙarshen makon da aka jefe tagogin otal ɗin, kuma ya sha wata 20. Wannan ya nuna wa taro ƙofa ne. Connolly ba ta ambaci otal ɗaya ba, ta rubuta kafin tarzoma ta ɓarke, ta kuma goge da hannunta. Duk da haka ta yi maganar ƙona gine-gine da mutane a ciki, a daren da zukata ke tafasa, ga dubban masu karatu. Magana zarar bunu ce, gogewa ba ta dawo da ita daga wayoyin da suka riga suka kwafe ta. Samun ta da laifi yana kan hanya. Tsawon ɗaurin ne abin dubawa.

Akwai masu ƙin wannan gaba ɗaya, suna kafa hujja da Amurka. A can, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1969 a shari'ar Brandenburg, inda aka wanke wani jagoran ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan, ba a hukunta magana sai an yi ta da nufin tayar da ɓarna nan take, kuma akwai alamar za ta tayar. Hujjarsu mai ƙarfi ce: wanda ya ɗauki fetur shi ke da alhakin wutar, kuma hukumar da aka ba ikon ɗaure mutum saboda kalma ba ta cika tsayawa inda aka shata mata ba. Sai dai an gina sharaɗin “nan take” ne a zamanin da mai zuga ke tsayawa a gaban taro da lasifika, ana ganinsa ana ganin masu sauraronsa. Rubutun intanet yana yawo kwanaki, yana isa ga wanda marubucin bai taɓa gani ba, ciki har da wanda ashana na aljihunsa. Mutanen da aka rutsa da su a otal ɗin Rotherham su ma suna da haƙƙi, kuma ba adalci ba ne a ce doka ta jira sai hayaƙi ya tashi.

A ɗaya gefen akwai masu son a faɗaɗa ragar ta kama duk kalaman ƙiyayya da cin mutunci. Waɗannan sai su dubi Najeriya. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara uku ko tarar naira miliyan 7 ga wanda ya aika saƙon da zai ɓata wa wani rai ko ya zama zagi. An yi ta jan 'yan jarida da masu sukar gwamnoni kotu da wannan sashe, har kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma sai a 2024 aka yi masa gyara. A 2022 an tsare wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda rubutun da ya yi kan uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, sai da jama'a suka yi ca aka janye ƙarar. A 2019 ma an gabatar da ƙuduri a Majalisar Dattawa mai tanadin rataya ga kalaman ƙiyayyar da suka jawo mutuwa, bai dai zama doka ba. Darasin a fili yake: dokar da ta dogara da ɓacin rai, mai mulki ne ke fara amfana da ita, domin shi ke da 'yan sandan da za su kai ɓacin ransa kotu.

Ko a inda ɗauri ya dace, tsawonsa ba shi ne ke tsoratarwa ba. Masu nazarin aikata laifuka sun daɗe da lura cewa tabbacin za a kama mutum, da saurin hukuncin, sun fi yawan shekaru tasiri. Tarzomar Ingila ta lafa cikin kwanaki kaɗan da fara gurfanar da mutane, lokacin da kowa ya ga ana yanke hukunci cikin mako guda. Hukuncin Connolly ya zo ne bayan ƙura ta kwanta da wata biyu. A watan Satumba na 2024, cunkoson gidajen yari ya sa gwamnatin Birtaniya ta saki fursunoni kusan 1,700 a rana ɗaya kafin wa'adinsu, a ƙasar da kowane fursuna ke cin sama da fam 50,000 a shekara. Ita kuma Connolly, da ta fito a Agusta 2025, ta tarar wasu 'yan siyasa sun mayar da ita gwarzuwa. Gajeren ɗauri, ko ɗaurin talala haɗe da aikin yi wa al'umma hidima, zai iya isar da saƙon ba tare da ba masu ra'ayinta tutar ɗagawa ba.

Saboda haka matakala ake bukata. Zagi da ƙasƙanci, a goge su, a rufe shafi, a ci tara, wanda aka ɓata wa suna ya nemi diyya. Kamfanonin da na'urorinsu ke tura rubutun fushi gaba saboda yana jawo masu kallo, su ma su biya, kamar yadda Jamus ta taɓa tanadar tarar da ta kai yuro miliyan 50 a dokarta ta 2017. Gidan yari kuwa a ajiye shi ga wanda ya yi barazanar kisa ga wani sananne, ko ya kira taro ya kai hari, ko ya mayar da zuga sana'a. Alƙalin da aka kawo wa irin wannan ƙara, tambayar da ke gabansa ita ce ran wa maganar ta jefa cikin haɗari, kuma yaya kusancin haɗarin. Idan amsar ita ce ran wani babba ne kawai ya ɓaci, babu dalilin buɗe ƙofar kurkuku.