Kwana Bakwai a Duwatsun Volta: Yadda Ɗan Zango Zai Je Baƙunta Ya Dawo da Mutuncinsa

Wannan shi ne taƙaitaccen bayanin hirar da muka yi a filinmu na tafiye-tafiye, don wanda bai samu kama tashar ba ranar, da kuma wanda ya ji amma yana son ya ajiye a takarda.

Idan kai ɗan Nima ne ko Maamobi, ko kana zaune ta wajen Malam, ka san yadda hutu yake ƙarewa a Ankara: bakin teku, gidan biki, sai zaman benci. Alhali tafiyar awa huɗu zuwa biyar daga tashar Tudu ko ta Madina akwai duwatsu masu kurmi, da ruwa mai zubowa daga sama, da ƙauyukan da kusan kowanne da harshensa. Mako guda ya isa ka zaga su. Sai dai tafiyar tana da sharaɗi. Wuraren nan duk suna da masu su, kuma daɗin da za ka ji ya dogara ne ga yadda ka shiga musu.

Abin ba sabo ba ne gare mu. Zango asalinsa wurin da fatake ke sauke kaya su kwana. Ayarin da yana da madugu mai shugabanci, da jagaba mai sanin hanya, kuma ba a wuce ƙasar sarki sai an kai gaisuwa. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, fatauci ya ƙaru ta gabashin kogin Volta, daga Salaga zuwa Karachi, zuwa Kpando, har bakin teku. Ita kanta Nima, Malam Futa ya samu filinta ne a hannun dangin Odoi Kwao a farkon shekarun 1930. Ka ga ke nan mun daɗe da sanin zaman baƙo da mai masauki.

Kafin a tashi

Ku haɗu mutum takwas zuwa goma sha biyu ku ɗauki shatar mota ɗaya, ya fi sauƙi a kan bin trotro gari-gari. Ku zaɓi madugu a cikinku wanda zai riƙe kuɗi ya yi magana da yawun kowa. Jagora kuwa iri biyu ne. Akwai wanda zai taso da ku daga Ankara, ya san masauki da hanya. Akwai kuma ɗan gari, wanda za a ba ku a ofishin baƙi na kowane ƙauye. Na farko ba ya maye gurbin na biyu. A Wli da Liati Wote da Tafi Atome ba a shiga kurmi sai an biya a ofis an ɗauki ɗan gari. Ka karɓi rasit, domin da shi ake sanin kuɗin ya shiga asusun ƙauye.

Riƙe katin Ghana ɗinka, in kuwa daga Nijar ko Najeriya ko Togo ka zo, fasfo da katin rigakafin shawara. Akwai shingen jami'an shige da fice a Asikuma, kuma wasu ƙauyukan suna dab da iyakar Togo. Ka tanadi takalmi mai kama ƙasa, gidan sauro, buta, tabarmar salla da tsabar sidi, don MoMo ba ya tafiya inda babu sabis. Lokacin damina ruwa ya fi cika amma hanyar dutse tana da santsi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hawa ya fi sauƙi, sai dai hazo yana rufe nesa. Ku tashi ranar Litinin, za ku ga dalili a gaba.

Litinin: Aburi zuwa Akosombo

Da an wuce Madina da Adenta, hanya za ta fara hawan tudun Akuapem. A Aburi akwai lambun itatuwa da aka buɗe a 1890. Gaba kaɗan, a Mampong, gonar Tetteh Quarshie take, maƙerin da ya dawo da irin koko daga tsibirin Fernando Po ya shuka a 1879. Wannan kokon ne daga baya ya ja dubban 'yan arewa zuwa aikin gona a kudu, zanguna da yawa kuma ta haka suka kafu. Da yamma ku sauka Akosombo ku ga madatsar ruwan da aka gama a 1965. Tafkin da ta tara ya kai faɗin murabba'in kilomita 8,500, kuma mutum wajen 80,000 aka tayar daga gidajensu saboda shi. Ku kwana Atimpoku, ku ci abolo da soyayyen ƙananan kifi a bakin hanya.

Talata: Amedzofe

Da safe ku haye gadar Adomi, wadda aka buɗe a 1957, ku bi ta Ho ku yi cefane, sannan ku kama hawan Amedzofe. Hanyar tana da kwana-kwana, direba ya duba birkinsa tun daga ƙasa. Ana lissafa Amedzofe a matsayin garin da ya fi kowane gari tudu a Ghana, kuma da dare sai ka nemi rigar sanyi. Mutanen wurin Avatime ne. Suna jin Ewe, amma harshensu na gida daban ne, ana ce masa Siya. Suna noman jar shinkafa a gefen dutse, har biki suke mata a watan Nuwamba. A kan dutsen Gemi akwai kuros na ƙarfe da aka kafa a 1939, alamar daɗewar mishan ɗin Jamus a garin. Daga can in gari ya yi garau ana hango tafkin Volta.

Laraba: Tafi Atome da Tafi Abuife

A Tafi Atome birai ne ke saukowa su karɓi ayaba a hannunka. Mutanen garin tun kakanni ba sa kashe su, don suna ɗaukar su halittu masu alfarma. Da wannan al'ada ta yi rauni a shekarun 1980, aka shiga sare kurmin, biran suka ragu. A 1993 aka mai da wurin keɓaɓɓen daji, yanzu kuɗin baƙi ne ke taimaka wa garin. To a nan ne ake gane baƙo mai hankali. Ba a ce ka yi imani da abin da suka yi imani da shi ba, amma ba wurin wa'azi ko dariya ka zo ba. Kada ka jefi biri, kada ka shiga inda jagora ya ce ba a shiga. A Tafi Abuife kuma saƙar kente ake yi kusan gida-gida. In za ka saya, saya a hannun masaƙin, kuma ka yi ciniki da adalci, don zane ɗaya aikin kwanaki ne. Ku kwana Liati Wote.

Alhamis: Dutsen Afadja

Ku fara hawa bayan asuba, kafin rana ta yi zafi. Littattafan makaranta suna ba dutsen Afadja tsawon mita 885, kuma daga kansa ƙasar Togo ce a gabanka. Mai ƙarfi yana kaiwa cikin awa ɗaya, amma hawan a tsaye yake. Mai hawan jini ko ciwon gwiwa ya haƙura, ya bi masu zuwa ruwan Tagbo, wanda hanyarsa shimfiɗaɗɗiya ce ta cikin gonakin koko da kofi. Gonakin nan na mutane ne. Kada hannunka ya kai ga ayaba ko lemo sai an ba ka. Da yamma ku shiga Hohoe.

Juma'a: Wli da zangon Hohoe

Wli na da nisan kilomita wajen 20 daga Hohoe. Ruwansa shi ne mafi tsawon zubowa a Ghana. Zuwa na ƙasa tafiyar minti arba'in da biyar ce a cikin kurmin Agumatsa, kana haye rafi a kan ƙananan gadoji, dubban jemagu na rataye a jikin dutse. Na sama yana cin awoyi, ku bar shi. Ku je da sassafe ku dawo, don ku samu Juma'a a zangon Hohoe. Dalilin tashi ranar Litinin ke nan.

A nan akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka buɗe baki. A watan Yuni na 2012 rikici ya ɓarke tsakanin mutanen Gbi, masu garin, da 'yan zango, bayan an tone gawar babban limamin zango da aka binne. An kai hari fadar sarki, an ƙone shaguna da gidaje, an rasa rayuka, mutane da yawa suka tsere, gwamnati ta sa dokar hana fita. Yau an koma cin kasuwa ɗaya, amma zaman lafiyar nan da wahala aka gina shi. Kai kwana biyu za ka yi ka wuce. 'Yan'uwanka na zangon su ne za su ci gaba da zama da abin da ka faɗa ko ka aikata. Saboda haka kada ka tayar da zancen a tasha ko a kasuwa, kuma kada ka yi hukunci a kan abin da ba ka gani ba.

Asabar: Likpe zuwa Kete Karachi

Masu sauran ƙarfi su leƙa kogunan dutse na Likpe Todome da safe. Mutanen Likpe Sekpele suke yi, na Akpafu da Lolobi Siwu, na Santrokofi Selee, na Buem kuma Lelemi. Akpafu sun yi suna da narkar da tama tun kafin zuwan Turawa. Daga nan ku bi ta Jasikan zuwa Dambai, hedikwatar jihar Oti da aka kafa bayan ƙuri'ar raba-gardama ta Disamba 2018. A Dambai jirgin fito ne zai ɗauki motarku ya haye da ita, don haka ku tambayi lokacin tashinsa tun da wuri.

Me ya sa za a sha wannan nisa? Saboda Alhaji Umaru Karachi. An haife shi a Kano a 1858, ya zauna Salaga, bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Kete Karachi, ya yi limanci da karantarwa har ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, almajiransa kuma sun bazu a zangunan Ghana da Togo. Tsohon garin ruwan tafki ya cinye shi, wanda za ku gani sabo ne. Ku nemi sarkin zango da liman ku gaishe su, a bakinsu za ku ji sauran labarin.

Lahadi ranar komowa ce. Hanyar doguwa ce, ku tashi da asuba don kada dare ya same ku.

Ladubban hanya

Gaisuwa ita ce kuɗin shiga na farko. In an ce maka “woezo”, wato sannu da zuwa, ka ce “yoo”. Na gode kuma “akpe”. Ka kira mutane da sunan da suke kiran kansu. Sunan nan “Ayigbe” da muka saba ji a Ankara, Ewe da yawa ba sa son sa.

In za a kai ku gaban sarki, al'adar yankin ita ce a kai kwalbar giya. Ku gaya wa jagora tun farko cewa ku Musulmi ne, ya shirya a karɓi gaisuwarku ta kuɗi. Wannan magana a waje ake gama ta, ba a gaban fada ba. Kada ka ɗauki hoton mutum, ko wurin bauta, ko jana'iza sai da izini. Mata su tafi da tufafin da za su iya hawa da shi cikin sutura, maza kuma kada a tuɓe a yi wanka kusa da inda ake ɗibar ruwan sha.

Batun abinci, kifi da banku ko akple ba su da matsala, amma ka tambayi abin da ke cikin miya, don naman daji da alade suna yawa a ƙauyuka. Nama dai ku saya wurin mahautan zango a Ho ko Hohoe. In an ba ka abin da ba ka ci, ka yi godiya ka faɗi uzurinka a hankali, ba tare da yatsine fuska ba. Hukuncin salla ta ƙasaru kuwa, ku tambayi malaminku kafin ku bar gida. Duk ledar ruwa da robar da kuka shiga da ita kurmi, ku fito da ita.

Wanda ya riga ya bi wannan hanya, ko yake da ɗan'uwa a zangon Kpando, Jasikan ko Kadjebi, ya aiko mana da abin da ya sani, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.