Kafin Seiko ta fito da sabon agogo: lambobin da ya kamata ka iya karantawa

In kana cikin masu bibiyar agogon hannu, ka san yadda ake zama a ƙarshen Maris zuwa cikin Afrilu. Lokacin ne ake baje kolin Watches and Wonders a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan, inda manyan kamfanoni ke buɗe abin da suka ƙera na shekara. Grand Seiko, wadda ta fito daga cikin gidan Seiko na Japan, ta fara halartar wannan taro a 2022. Tun makonni kafin a buɗe, masoyanta suke ta hasashe: wace kalar fuska za ta zo, guda nawa za a yi, nawa za a sa masa kuɗi.

To amma akwai tambayar da ta fi waɗannan amfani ga aljihunka: me ya sauya a cikin agogon? Yawancin abin da ake kira “sabo” kowace shekara, sabuwar riga ce a kan tsohon inji. Sauyi na gaske yakan ɗauki shekaru kafin ya zo, kuma a cikin ƴan lambobin da ke ƙasan talla ake gane shi. In ka fahimci kimiyyar da ke bayan lambobin nan, kai da kanka za ka iya bambancewa.

Kowane agogo abu biyu ne

Daga agogon bango har na tauraron ɗan adam, tsarin ɗaya ne. Akwai abin da ke kai da komowa a kan ƙa'ida, akwai kuma abin da ke ƙirga kai da komowar. Shi kenan. Rana ɗaya tana da sakan 86,400, aikin agogo kuwa ya yanka ta daidai wa daida. Duk lattin da agogo ke yi, ko gudun da yake yi, daga abin da ke kai da komowar nan yake farawa.

A agogon inji, wato wanda ba ya amfani da batir, ƙarfin yana fitowa ne daga wani dogon sifirin da aka nannaɗe. Kai ne ke murɗa shi da hannu, ko kuma motsin hannunka ya murɗa shi in agogon otomatik ne, irin Seiko 5 ɗin nan da ta fara fita a 1963. Abin da ke riƙe lokaci shi ne wani ƙaramin zobe mai lilo, wanda aka ɗaura wa sifirin siriri kamar gashi. Zoben ya juya dama, sifirin ya dawo da shi hagu, a haka a haka. Masanin ƙasar Holan Christiaan Huygens ne ya bayyana wannan dabara a 1675, kuma har yau ita ake amfani da ita.

Idan ka ga an rubuta 28,800 a bayanin agogo, bugun zoben nan ne a awa ɗaya. Raba shi da 3,600, ka samu bugu 8 a sakan. A rana bugu 691,200 kenan. Wasu injinan Grand Seiko suna yin 36,000, wato bugu 10 a sakan. Amfanin saurin shi ne girgiza ko buguwar hannu ba ta cika rikita zoben da ke gudu ba. Illarsa kuma, ya fi cin ƙarfin sifirin, sassan ma sun fi gogayya.

Abubuwa uku da ke hana zoben sakat

Na farko nauyi. Jan da ƙasa ke yi wa zoben ya bambanta idan agogon yana kwance da idan yana tsaye a gefe. Shi ya sa hukumar COSC ta Suwizalan, wadda aka kafa a 1973, take gwada inji na kwana 15 a zama iri biyar da zafi iri uku. Kafin ta ba shi shaida, dole kada lattinsa ya wuce sakan 4 a rana, gudunsa kuma kada ya wuce sakan 6. Grand Seiko tana da nata ma'aunin: kwana 17, zama iri shida, latti sakan 3, gudu sakan 5.

Na biyu zafi. Ƙarfe in ya ji zafi yana buɗewa, sifirin kuma yana yin laushi, sai agogo ya fara latti. Matsalar nan ta daɗe tana damun maƙera, har sai da Charles Édouard Guillaume ya samo gaurayen ƙarfe da nikel waɗanda zafi ba ya cika sauya su. Aikin da ya ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar fiziya a 1920 kenan.

Na uku maganaɗisu, kuma shi ne ya fi yawa a zamaninmu. Sifikar waya, murfin kwamfutar cinya, maɓallin jaka, duk akwai maganaɗisu a ciki. In ya kama siririn sifirin nan, sai zagayensa su manne da juna, tsawonsa ya ragu, agogo ya riƙa gudu da mintuna a rana. Sau da yawa babu abin da ya lalace, mai gyaran agogo da ke da na'urar cire maganaɗisu zai warware maka cikin ɗan lokaci. Ma'aunin ISO 764 ya ce agogon da za a kira mai jure maganaɗisu ya jure 4,800 A/m, kusan gaus 60. Shaidar METAS da Omega ta fara amfani da ita a 2015 kuwa tana neman gaus 15,000. Ka ga tazarar ba kaɗan ba ce, don haka in talla ta ce “yana jure maganaɗisu”, nemi lambar.

Dutsen da ya sauya komai

A 1880, ƴan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa in aka matsa wasu duwatsu masu ƙyalli, suna fitar da ɗan lantarki. Daga baya aka tabbatar da akasin haka ma: in ka ba dutsen lantarki, sai ya motsa. Ɗaya daga cikin duwatsun shi ne kwaz, ma'adinin da ya fi yawa a cikin yashin da muke takawa. A 1927 aka haɗa agogon kwaz na farko a ɗakunan binciken Bell a Amurka, amma girmansa ya fi ƙarfin hannu nesa ba kusa ba.

Ranar 25 ga Disamba, 1969, Seiko ta fara sayar da Astron a Tokiyo, agogon hannu na kwaz na farko da ya shiga kasuwa. Kuɗinsa yen 450,000, kusan kuɗin mota a lokacin. Dutsen cikinsa yana kaɗawa sau 8,192 a sakan, kuskurensa kuma bai wuce sakan 5 a wata ba. Abin da agogon inji mai kyau ke ɓatawa a rana ɗaya, shi sai ya yi wata.

A yau kusan duk agogon batir yana kaɗawa sau 32,768 a sakan. Me ya sa wannan lambar? Domin 2 ce aka ninka sau 15. Ɗan ƙaramin da'irar lantarki yana raba ta biyu, ya sake raba ta biyu, har sau 15, sai ta koma bugu ɗaya a sakan. Bugun nan ne ke tura hannun sakan ya yi tsalle ɗaya. Dutsen da ke kaɗawa sau dubbai bai damu da yadda ka ajiye hannunka ba, kuma ba ya asarar ƙarfi da yawa a kowace kaɗawa, shi ya sa ya fi zoben lilo tsayawa a kan ƙa'ida.

Amma shi ma zafi yana taɓa shi. Ana yanka dutsen yadda zai fi daidai a wajen digiri 25 na Salshiyas. Ko an yi sama ko an yi ƙasa, latti yake yi, kuma lattin yana ƙaruwa da ninkin tazarar a kanta. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce kusan kashi 0.034 cikin miliyan. Bari mu gwada da zafin da muka sani: a digiri 40, irin na Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, tazarar 15 ce. 15 sau 15 ya ba da 225, a ninka da 0.034, an samu kusan kashi 7.6 cikin miliyan. A rana latti ne na kusan kashi biyu cikin uku na sakan, a wata kusan sakan 20. Agogon da ke hannu ya fi samun sauƙi, saboda jikinka yana daidaita masa zafi. Wanda aka bari a gaban mota cikin rana shi ke shan wahala.

Maganin da Seiko ta kawo a injin 9F na 1993 shi ne ta sa ma'aunin zafi a ciki. Yana duba zafi sau 540 a rana, yana gyara ƙirgen. Ana kuma barin dutsen ya yi aiki na wata uku kafin a zaɓe shi, don kaɗawarsa ta zauna. Sakamakon: kuskuren sakan 10 a shekara.

Inda biyun suka haɗu

A ƙarshen shekarun 1970, wani injiniyan Seiko mai suna Yoshikazu Akahane ya fara tunanin agogon da sifirin zai ba ƙarfi, kwaz kuma ya riƙe masa lokaci. Sai 1999 abin ya shiga kasuwa da sunan Spring Drive. Sifirin yana juya wani ɗan faifai, faifan yana samar da ɗan lantarki kamar janareta, lantarkin yana tayar da dutsen kwaz. Shi kuma da'irar lantarkin yana taka wa faifan burki na maganaɗisu don ya tsaya a juyi 8 cif a sakan. Babu batir, babu bugu, shi ya sa hannun sakan ke tafiya sumul ba tsalle. Kuskurensa na asali sakan 15 ne a wata.

A taron Janiba na 2025, Grand Seiko ta fito da injin 9RB2, wanda ta ce kuskurensa sakan 20 ne a shekara. Wannan shi ne irin sauyin da ya cancanci jira, tunda lambar da ta shafi aikin agogon ce ta motsa, daga wata ta koma shekara. Lura kuma da tazarar: 1969, 1993, 1999, 2025. Tsakanin waɗannan shekaru an yi ɗaruruwan sababbin fuskoki da bugu na musamman, galibi a kan bukukuwan cika shekaru, kamar cikar Seiko shekara 140 a 2021.

Yadda za ka karanta sanarwar

Fara da lambar injin. In 4R36 ne ko 6R35, injin da aka daɗe da sani ne, kuɗin da aka ƙara na fuska ne da ƙarancin adadi. Babu laifi ka saya don kyau, amma ka san abin da kake biya.

Sai ka mayar da kowane kuskure zuwa shekara, don ka kwatanta su a faifai ɗaya. Seiko ta ce 4R36 yana iya gudun sakan 45 a rana, wato sama da minti biyar a mako. Sakan 5 a rana na babban agogon inji ya kai kusan rabin awa a shekara. Casio F-91W, ɗan baƙin agogon roba da ya fito a 1989, an rubuta masa sakan 30 a wata, wato minti 6 a shekara. Ka ga ɗan agogo mai araha ya doke agogon inji mai tsadar gaske wajen riƙe lokaci. Tsadar agogon inji ta aikin hannu ce da ƙira da suna. Waɗannan lambobin kuma iyaka ce da kamfani ya ɗauki alhaki, naka agogon yana iya yin abin da ya fi haka kyau.

Duba kuma awannin da sifirin ke ɗauka kafin ya tsaya. 4R36 yana yin kusan awa 41, 6R35 kuma awa 70. Bambancin yana nufin in ka cire shi ranar Juma'a da yamma, ɗaya zai tsaya kafin Litinin, ɗayan zai kai.

Na ƙarshe ruwa. “Mita 30” ko “ba 3” ba izinin nutso ba ne, matsi ne na gwaji a ɗakin bincike. Yana jure fantsamar ruwa irin ta wanke hannu ko alwala, amma iyo sai mai ba 10 ko sama. Robar da ke toshe ƙofofin ruwa tana tsufa, don haka ana sauya ta lokaci zuwa lokaci.

Kafin sanarwar bana ta fito, ga ɗan gwajin da za ka iya yi a gida. Saita agogonka da lokacin wayarka, wanda asalinsa daga agogon atom yake zuwa ta hanyar sadarwa. Kowace safiya a lokaci ɗaya, rubuta bambancin sakan nawa ne, har kwana bakwai. In agogon inji ne, mako na biyu ka riƙa kwantar da shi a gefe da dare maimakon fuska sama, ka ga ko lambar za ta sauya. In kwaz ne, ka ba shi wata guda, sannan ka maimaita a lokacin hunturu ka kwatanta da na bazara. Lambar da ka samu ita za ka ajiye kusa da wadda kamfanin zai rubuta a kan sabon agogon.