Makarantar Yamma da Amanar Yara a Aujara

Gabatarwa

A Aujara, cikin Ƙaramar Hukumar Jahun ta masarautar Dutse, kamar a sauran garuruwan tsakiyar Jihar Jigawa, tashi daga firamare ba shi ne ƙarshen karatun yaro a yini ba. Da ya ci abincin rana sai ya ɗauki allo ko jaka ya nufi makarantar allo ko Islamiyya, ba zai dawo ba sai gab da magariba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake riƙon yara a waɗannan sa'o'i, da wuraren da riƙon kan yi rauni.

Tsohon Tsari da Sabo

A da, makarantar allo a zauren malam take, ko a ƙofar gidansa. Malam ɗan unguwa ne, ya san uban kowane yaro, wani lokaci har kakansa. Ladansa kuɗin Laraba ne da sadakar sauka, ana kuma hutu Alhamis da Juma'a. Yaron da bai zo ba, kafin dare labari ya kai gidansu. Watau tsaron yaro bai dogara da takarda ba, ya dogara ne da sanin juna.

Islamiyya mai aji da rajista ta fara bunƙasa a Kano tun shekarun 1950, Malam Aminu Kano kuwa yana cikin waɗanda suka yi mata fafutuka. Da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya mamaye safiya, sai yawancin karatun addini ya koma yamma. Makarantu suka girma, yara suka riƙa zuwa daga unguwanni masu nisa. Sanin juna ya ragu, alhali a wurare da dama ba a kafa abin da zai maye gurbinsa ba.

Inda Hatsari Yake

Na farko shi ne hanya. Uwa tana zaton yaro yana makaranta, malam yana zaton yana gida, a tsakani babu mai riƙe da shi. Da damina kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini kan cika, su ja hankalin yara zuwa wanka, kuma a nan ake yawan asarar rayuka. Akwai kuma mugun mutum. A Disamban 2021 aka sace wata yarinya 'yar shekara biyar a Kano kan hanyarta ta dawowa daga Islamiyya. Daga baya ta bayyana cewa mai makarantar bokonta ne ya ɗauke ta ya kashe ta, kotu kuma ta yanke masa hukuncin kisa a 2022. Darasin a nan shi ne, yaro ba ya gudun fuskar da ya sani.

Na biyu shi ne cikin aji. Idan yara sun fi ƙarfin malami, sai a ɗora babban ɗalibi a kansu, a miƙa masa bulala, alhali shi ma yaro ne. Horon da ba a sa masa iyaka ba kan zama rauni. Haka nan rashin ruwan sha da makewayi kan sa yara fita waje, musamman 'yan mata, ba tare da wani ya san inda suka nufa ba.

Na uku shi ne fita taro. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, ɗauke da ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau za su Mauludi, yara da yawa suka rasu. An yi wa jirgin lodin da ya fi ƙarfinsa. Irin wannan lodi ne ake yi wa motocin da kan kai ɗalibai musabaƙa ko walimar sauka.

Abin da Ya Kamata

Nijeriya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, Jihar Jigawa kuma ta samu tata dokar kare yara a 2021. Amma doka ba ta raka yaro gida. Matakan da ke rakiyarsa ba su da tsada: a kira suna a farkon karatu da ƙarshensa, a tashi da sauran rana, ƙanana su tafi rukuni tare da babba na unguwarsu, kada a miƙa yaro sai ga wanda iyaye suka ambata, kada a ɗauki malami sai mai unguwa ko limami ya shaide shi, kada namiji ya kaɗaita da ɗaliba, bulala kuma ta fita daga hannun ɗalibi.

Kammalawa

Hausawa na cewa ɗa na kowa ne. Gaskiya ne, amma abin da aka bar wa kowa yakan rasa mai shi. Ingancin makarantar yamma ba a yawan izifin da aka haddace kaɗai ake auna shi ba. Ana auna shi da tambaya ɗaya: daga fitar yaro har komawarsa, a hannun wa yake a kowace sa'a? Makarantar da za ta iya amsa wannan ita ce ta riƙe amana.