Mene Ne Ma'adanar Bayanai?

Ma'adanar bayanai ita ce taskar da kwamfuta ko wayar hannu take ajiye rubutu da sauti da hoto, bayan ta mayar da su alƙaluman sifiri da ɗaya. A shekarar 1956, ma'adanar da kamfanin IBM ya ƙera, mai fayafayan maganaɗisu 50 da nauyin kimanin tan guda, megabait 5 kacal take ɗauka, wato hoto biyu ko uku na wayar yau. Amma da masana suka gano hikimar tsare bayanai da lantarki cikin ɗan guntun silikon, sai girma ya ragu, farashi ya faɗi ƙwarai, har ɗalibin ilmi a Zangon Tamale yana iya sayen memori kamar farce, ya zuba tilawar izu sittin da tafsirin Ramadan a ciki.