Kafin Ka Jona Inji da Wuta, Karanta Rubutun da Ke Jikinsa

Ba duk injin da ya ƙone ne laifin masu ba da wuta ba. Gaskiya ne wutarmu tana hawa tana sauka, wani lokaci ta zo da rauni har fanka ta kasa juyawa, wani lokaci kuma ta zo da ƙarfin da zai fasa kwan fitila. Amma duk mai gyaran lantarki da ya daɗe a sana'a ya san cewa wasu kayan tun ranar da aka kawo su aka kashe su, saboda an haɗa su da caja ko taransifomar da ba tasu ba. Mai kayan ya je kasuwa da bakin waya a hannu, ya ce a ba shi wadda za ta shiga ramin, aka ba shi, ta shiga, shi ke nan ciniki ya faɗa. Alhali shigar baki cikin rami ba ta nuna komai game da wutar da za ta biyo ta ciki.

Tushen matsalar shi ne duniya ba wuta iri ɗaya take sha ba. A Najeriya da Nijar da Gana, wutar gida tana tsakanin bolt 220 zuwa 240, kuma tana kai-da-komo sau 50 a kowane sakan, abin da ake rubutawa 50Hz a jikin kaya. A Amurka da Kanada bolt 120 ne da 60Hz. Japan ta fi kowa ban mamaki: bolt 100 ne a ko'ina, amma gabashin ƙasar, wajen Tokyo, 50Hz ne, yammaci kuwa, wajen Osaka, 60Hz. Saudiyya ma, inda alhazanmu ke yo tsaraba, 60Hz take amfani da shi, ko da yake ƙarfin wutarta ya yi kusa da namu. Kayan gwanjo kuwa daga duk waɗannan wurare suke shigowa, su sauka kasuwar Alaba a Legas, su hau mota zuwa Sabon Gari a Kano, babu wanda ya canza musu hali a hanya. Keken ɗinki na masana'anta, injin aski, na'urar awon jini da aka ba asibiti kyauta, kowanne da wutar garinsu a cikinsa.

Ɗan abin nan na roba da ake sa wa filogin Amurka don ya shiga soket mai rami uku, baki kawai yake sauyawa. Ba ya rage bolt ko ɗaya. Wanda ya jona na'urar 120 ta cikinsa ya ɗura mata kusan ninkin abin da aka yi ta domin shi, sai ƙara da hayaƙi.

Mu fara da caja da adafta, tunda su ne a kowane gida da shago. A jikin kowace akwai layi biyu na rubutu, ɗaya na wutar da take karɓa daga bango, ɗaya na wadda take bai wa na'ura. Idan layin farko ya nuna 100-240V da 50/60Hz, kamar yadda yake a yawancin cajojin waya da kwamfuta, to ko'ina a duniya za ta yi aiki, ba ta bukatar taransifoma. Layi na biyu ne wurin tsayawa. Lambar da ke gaban harafin V dole ta yi daidai da abin da na'urar ke nema: mai neman 12 a ba ta 12, kwamfutar da ke neman 19 a ba ta 19. Lambar da ke gaban harafin A, wato amfiya, ita ce mutane suka fi juya wa fahimta. Da yawa suna tsoron adafta mai amfiya da yawa, wai za ta ƙona kaya. Ba haka ba ne. Rijiya komai yawan ruwanta, guga abin da zai iya ɗauka kawai yake ɗebowa. Na'urar da ke jan amfiya 2 za ta zauna lafiya da adafta mai 5, matuƙar bolt ɗin daidai ne. Haɗarin yana ta ɗaya ɓangaren: ka ba mai jan 5 adafta mai 2, adaftar ta yi ta ɗaukar zafi, na'urar ta riƙa ɗaukewa tana dawowa, daga baya ɗaya a cikinsu ta mutu.

Akwai kuma ɗan zane ƙarami da ke nuna ko tsakiyar bakin adaftar ne ke ɗauke da alamar tarawa ko ta ɗebewa. Yawanci tarawa ce a tsakiya, amma ba duka ba, kuma juya su kan lalata na'ura nan take. Haka nan a duba AC aka rubuta ko DC, don akwai adaftocin da kamanninsu ɗaya amma wutar da suke fitarwa daban.

Taransifoma kuwa aikinta mai sauƙin bayani ne. Tun 1831 Michael Faraday ya gano a Landan cewa idan aka naɗa waya biyu a jikin ƙarfe guda, canjin wuta a ɗaya yana haifar da wuta a ɗayar. Yawan naɗin kowane ɓangare shi ke yanke yawan bolt: idan naɗin fita rabin na shiga ne, 240 za ta koma 120. Girman da za a saya lissafi ne: a ninka bolt da amfiya. Injin da aka rubuta wa 120V da 10A yana bukatar 1,200, don haka taransifoma mai 1,000 ta yi masa kaɗan, mai 1,200 cif-cif ma tsayawa ce a bakin gaɓa. A nemi mai 1,500 ko 2,000.

Idan kuwa injin mai moto ne, kamar firiji, kwamfuresa, famfon burtsatse ko injin niƙa, lissafin ya wuce nan. Moto a lokacin tashi yakan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ja idan ya kama gudu. Sakan kaɗan ne, amma a cikinsu ne ƙaramar taransifoma ko ƙaramin janareta ke durƙushewa. Shi ya sa ake ba da shawarar a ninka girman sau biyu ko uku ga ƙananan injuna, manya kuma a sa musu akwatin tayarwa a hankali, irin na sita-delta, wanda ke rage jan farko zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku.

Abin da mai sayarwa ba kasafai yake faɗa ba shi ne taransifoma ba ta taɓa Hz. Ka rage bolt yadda kake so, 50 ɗin nan tana nan. Ga na'urar dumama ko fitila wannan ba komai ba ne, amma gudun moto a kansa ya dogara. Moton da ke juyi kusan 1,800 a minti a Amurka, a nan kusan 1,500 zai yi. Famfo zai rage turo ruwa, fankar da ke sanyaya moton ta rage gudu, shi kuma ya ƙara zafi. Firiji ko injin wanki da aka rubuta wa 60Hz kaɗai yana iya yin aiki a nan, amma a wahale, kuma ba ya daɗewa. A masana'anta ana magance wannan da na'urar sarrafa gudun moto da ake kira VFD. A gida, ni dai a ganina, gara a bar kayan a kanti komai araharsa.

Mai kafa injin casar shinkafa ko kamfanin ruwan leda da zai sayi taransifomar kansa yana da ƙarin tambayoyi. Wane layi ne ya ratsa kusa da shi, na bolt 11,000 ko na 33,000? Taransifomar ɗaya ba ta hawa ɗayan. Injunansa na layi uku ne masu neman 400 zuwa 415, ko kuwa na Amurka ne masu neman 208 ko 480? Sannan kVA da ake rubutawa ba kilowat ba ne. Inda injuna masu moto suka yi yawa, taransifoma ko janareta mai 100kVA abin da zai bayar bai wuce kilowat 80 ba. A haɗa da zafin ƙasarmu: yawancin waɗannan kaya an ƙayyade ƙarfinsu ne bisa iskar da ba ta wuce digiri 40 ba, kuma Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna haura haka a watan Afrilu. Ƙurar hunturu ma tana toshe kafofin shan iska. Wanda ya cika wa taransifoma kaya har baki a irin wannan yanayi, shi ya rage mata kwana. A Najeriya kafa irin wannan taransifoma sai da amincewar kamfanin rarraba wuta na yankin da kuma binciken hukumar NEMSA, kuma aikin injiniya ne mai lasisi.

Saura batun jabu, kuma araha ba ta ado. Taransifoma ta gaskiya ƙarfe ce da jan ƙarfe, nauyi gare ta. Idan an rubuta 2,000 a kwali amma ka ɗaga da yatsu biyu, rubutun ƙarya ne ko kuma ba taransifoma ba ce. Wasu ana naɗa su da wayar alminiyam, wadda ba ta kai jan ƙarfe ɗaukar wuta ba. Ba laifi idan an ƙara mata kauri, amma masu neman riba ba sa ƙarawa. Ko kayan na gaskiya ne, kada a cire ƙafar filogi ta uku, ita ce ke kai wuta ƙasa maimakon jikin mutum. Fiyus ɗin da ya tsinke kuma a sa irinsa, ba guntun waya ko takardar sigari ba.

Saboda haka, mai karatu, ranar da za ka shiga kasuwa neman caja, adafta ko taransifoma, juya na'urarka ka ɗauki hoton rubutun da ke bayanta da wayarka, ka nuna wa mai shago, ka sa ya nuna maka lambobin da ke jikin nasa kayan kafin ka zaro kuɗi.